Sammako ne Rabin Tafiyar Kano

Jama'ar Gummi, Bukkuyum da Anka, ku ji shawarata: wanda zai je Kano ya yi asubanci, kada ya tsaya jiran hantsi. Daga Anka sai Gusau, sai Tsafe, sai Funtuwa, kuma kowa ya san hanyar nan ba ta son dare saboda 'yan bindiga. Idan ka isa da rana, ka tuna an hana acaɓa a Kano tun 2013, A Daidaita Sahu ne abin hawa. Ka faɗa wa direba inda za ka, Kantin Kwari ko Sabon Gari, ku yi ciniki kafin ka shiga. Baƙon da ya sauka bayan isha, kuɗin da direba ya yanka shi zai biya.