DAGA BAKIN ALLO: Mota Ce Kafin Ta Zama Ɗaki

 

Duk wanda yake bin hanyar arewa, ko ta Paga ko ta Larabanga wajen gandun dajin Mole, ba zai rasa cin karo da wasu manyan motoci na Turawa 'yan yawon buɗe ido ba. Da yawansu tsofaffin motocin soja ne ko na 'yan kwana-kwana daga Jamus da Ingila, irin su Unimog da Magirus da Bedford, an sauke musu kayan aiki an ɗora musu ɗaki. A ciki akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, inda dare ya yi musu nan ne gida. Yanzu kuma ga hotunansu sun cika wayoyin samarinmu, har wasu sun fara cewa su ma sai sun yi. A 'yan watannin nan mutum uku ne suka tare mu da wannan magana, wani ɗan kasuwa mai bin kasuwannin Techiman da Salaga da Bawku, da wani malami mai fita wa'azi ƙauyuka, da wani abokin aikinmu da ya kusa ajiye alli yana tunanin inda zai sa kuɗin sallamarsa.

To, mu dai ba mu ga laifin abin ba. Hasali ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da ayarin jakuna zuwa Gwanja neman goro, watanni suke yi suna kwana a hanya. Ita kanta kalmar zango da ake kiran unguwanninmu da ita a ƙasar nan, ai ma'anarta wurin da ayari yake yada kaya ya kwana. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne fatake da yawa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Saboda haka jikan bafatake da ya ce zai kwana a motarsa don ya huta da kuɗin masauki, kuma ya tsare kayansa da idonsa, gado ya yi. Sai dai akwai abin da madugu ya sani wanda muke gani samarinmu suna shirin mantawa. Madugu ba ya fara zancen shimfiɗa sai ya duba ƙafar jaki da bayansa. Maganarmu ta wannan wata ke nan: abin nan mota ce kafin ta zama ɗaki, kuma kuɗin farko a ƙarƙashinta ya kamata su shiga.

Mu fara da saye. Mai ƙaramin ƙarfi ba Unimog zai nema ba. Abin da ke kusa da aljihunmu shi ne irin Benz ɗin nan da kowa ya sani da 207, wadda aka ƙera daga 1977 zuwa 1995, ko Sprinter da ta gaje ta, ko kuwa a-kori-kura irin Kia da Hyundai. Amfaninsu shi ne kayan gyaransu suna nan birjik a Abossey Okai a Ankara da Suame Magazine a Kumasi, kuma da wuya ka shiga gari babba ka rasa bakaniken da ya san cikinsu. Motar da babu mai irinta a ƙasa, ranar da ta tsaya maka a bayan Walewale, ranar za ka san araha ba ta ado.

Idan za a je ciniki, a tafi da bakanike na amana, kuma a sa tufafin da ba a jin tsoron ɓata su, domin sai an kwanta a ƙarƙashin motar. A duba casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da motar take zaune a kansu, a ƙwanƙwasa da guduma. Motocin hannu da ake saukewa a tashar Tema daga ƙasashen sanyi sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa takan cinye su daga ciki alhali fenti yana ta ƙyalli a waje. A nemi tabon walda a jikin casis, in an gani a tambayi dalili. A tashi injin da safe yana sanyi, a ga kalar hayaƙi: shuɗi alamar yana shan baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa sau da yawa ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba. Ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama tun ran 4 ga Agusta 1974, don haka akwai motocin da aka juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu. In motar tana cikinsu, a duba aikin sosai, domin ran mutum a kan wannan juyi yake.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe, kuma zafin kwaltar watan Maris tsakanin Tamale da Bolgatanga ba ya yi mata uzuri. Shawararmu ita ce a raba kuɗin da ke hannu gida uku. Kashi ɗaya na saye, kashi ɗaya na birki da taya da sifirin da lagireto da takardu, abin da ya saura shi ne na kafinta. Wanda ya juya wannan tsari, ya sayi labule kafin birki, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Yanzu sai a yi mana haƙuri mu koma aji, mu ɗan yi lissafi a allo. Kowace mota tana da ɗan faranti a jikin ƙofa ko wajen injin da aka rubuta iyakar nauyin da za ta kai da kayanta duka. A ce an rubuta kilo 3,500, ita kuma motar ba komai a cikinta kilo 2,200 ce. Saura 1,300. Cire mutum biyu, kilo 150. Cire gado da akwatuna da rufin katako, 200. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, saboda haka jarkoki huɗu masu lita 25 sun cinye 100. Batir na biyu da tukunyar gas da jak da safayar taya da kayan aiki, a ce 150. Abin da ya rage wa hajar da za ka kai kasuwa kilo 700 ne kawai. Ɗan kasuwar da ya saba loda wa motar nan buhu ashirin dole ya san cewa ɗakin da ya gina ya ci rabon kaya. In ya ƙi, birki da taya ne za su biya.

Inda aka ajiye nauyin ma abin lura ne. Ruwa da batir da duk wani abu mai nauyi a ƙasa za su zauna, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Tankin ruwa a kan rufi yana da kyan gani a hoto, amma shi ne yake kifar da mota a kwana. Kuma kowane akwati a ɗaure shi da noti a jikin motar, a sa shinge mai ƙarfi tsakanin kaya da direba, domin ranar da aka taka birki da ƙarfi tukunyar gas takan zama harsashi. Gado na kwana ne in an tsaya. Kada a bar yaro ko matar gida a kwance a baya mota tana gudu.

Ga masu a-kori-kura da za su ɗora ɗaki a baya, akwai wani darasi da tsofaffin kafintocin bodi suka riga mu sani. Casis na babbar mota an yi shi ne don ya riƙa murɗewa kaɗan a hanya mai gargada. Tsofaffin lorin Bedford masu bodin katako da suka yi zamani a ƙasar nan sun daɗe ne domin katako yana bin wannan murɗawa. In aka kawo akwatin ƙarfe aka like shi da walda a jikin casis, to ɗayan biyu ne, ko akwatin ya tsage ko casis ya karye. Abin da ake yi shi ne a zaunar da ɗakin a kan nasa ƙaramin firam, a sa falanki ko roba a tsakani, a ɗaure da maɗaurai masu noti, wasu ma da sifirin a jiki. Kada a yarda mai walda ya huda ko ya ƙona leɓen casis na sama ko na ƙasa, nan ne ƙarfinsa yake.

Sai maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami, wato iska. Shekarun baya, a cikin hunturu, wani maƙwabcinmu mai sayar da atamfa ya kwana a motarsa a wata tasha a arewa. Sanyi ya dame shi, sai ya shigo da kurfoti da sauran garwashin da aka dafa shayi, ya rufe gilasai ruf. Allah ya sa yaron motarsa a waje ya kwana wajen abokansa. Da asuba ya zo tashinsa salla, ya buga ya buga shiru, sai da aka fasa gilashi. An same shi ya yi amai, ba ya gane kowa. Ya kwana biyu a asibiti, kuma har yau in an tuna masa sai ya girgiza kai. Mu muka je muka sanar da iyalinsa, ba kuma ma fatan sake irin wannan aike.

Abin da ya kusa kashe shi iska ce mai guba da ake kira kabon monoksaid. Gawayi yana fitar da ita, haka janareta, haka salansar mota. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, wucewa kawai yake yi. Don haka doka uku, kuma ba mu yarda a sassauta ko ɗaya ba. Garwashi ba ya kwana a cikin mota. Janareta a waje, nesa da taga. Ba a barin injin yana aiki don a sha sanyi ko ɗumi ana barci. Girki a yi shi a waje ƙarƙashin rumfar tamfol. Gas na girki kuwa ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, saboda haka akwatin tukunyar gas a huda masa rami a ƙasa wanda ya fita waje, kuma a rufe kan tukunyar kowane dare. A buɗe tagogi biyu masu kallon juna da wata kafa a rufi, a sa musu raga saboda sauro. Akwai 'yar na'ura mai batir da take ƙara in ta ji wannan guba, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba.

Zafi kuma maganinsa farin fenti a rufi, da soso ko kwali mai kauri tsakanin ƙarfe da silin. Wuta kuwa, farantin sola mai wat 100 yana iya ba da kamar wat-awa 400 a yini mai rana, ya ishi ƙwan fitila da fanka ƙarama da cajin waya. Amma a ba shi batir nasa daban da na tashin mota, kuma a sa fis dab da kan batir ɗin. Wayar da ba ta da fis, in ta goge a jikin ƙarfe, gobara ce a cikin ɗakin katako.

Daga ƙarshe, takardu. Mu da muke tsiraru a ƙasa mun san yadda ɗan kuskure a takarda yake zama doguwar magana a shingen hanya. In an sauya siffar mota ko launinta, a je ofishin DVLA a gyara takardunta su dace da abin da ido yake gani, a kuma gaya wa kamfanin inshora gaskiyar abin da aka yi, don kada ranar tsautsayi su ce ba wannan motar suka sani ba. A tabbata ajin lasin ɗin direba ya kai nauyin motar. Mai niyyar ƙetare iyaka ya nemi katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, tsarin da aka kafa a 1982. Tun da yake Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya tambayi kamfanin inshorarsa takardun da zai riƙe tun yana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi abokin aikin namu mai jiran kuɗin sallama, mun ba shi shawara ya sayi motar, ya gyara ƙasanta, ya jefa katifa da gidan sauro da jarka biyu, ya yi tafiya uku a haka kafin ya kira kafinta. A tafiyar farko zai gane abin da yake bukata, a ta uku zai gane abin da ba ya bukata. Ya ce zai yi tunani. Mun kuma roƙe shi, in ya tashi, ya bar wa uwargida rabin kuɗin a ajiye, domin mota ba ta da alkawari.

Wanda yake da abin da ya gani a hanya game da wannan batu, ya rubuto mana ta hannun edita. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa zangonsa lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.