Kosovo: Idan Wanda Aka Zalunta Jiya Ya Riƙi Mulki Yau

A wannan darasi za mu duba wata ƙaramar ƙasa a kudu maso gabashin Turai mai suna Kosovo. Mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, kuma sai a ranar 17 ga Fabrairu, 2008 ta ayyana 'yancin kanta daga Sabiya. Har yau Sabiya ba ta amince da ita ba, haka ma Rasha da Sin, shi ya sa ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambayar da labarinta ke yi mana ita ce: mutanen da suka ɗanɗana zalunci, yaya suke riƙe marasa rinjaye idan mulki ya dawo hannunsu?

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Kosovo Albaniyawa ne, yawancinsu Musulmi. Sabiyawa kuwa Kiristoci ne mabiya ɗarikar Otodoks. A 1989 shugaban Sabiya, Slobodan Milosevic, ya ƙwace ikon cin gashin kai da yankin ke da shi. Aka kori Albaniyawa daga aikin gwamnati, 'ya'yansu suka koma karatu a gidajen mutane. Yaƙi ya ɓarke a 1998. A 1999 aka kori Albaniyawa fiye da 800,000 zuwa ƙasashen maƙwabta, jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO kuma suka yi kwana 78 suna luguden wuta kafin sojojin Sabiya su janye. Mutane sama da 13,000 ne suka mutu ko suka ɓace. Dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: waɗanda suka yi wannan korar suna amsa sunan Kirista.

Da Albaniyawa suka dawo gida, sai reshe ya juye da mujiya. Sabiyawa da sauran ƙananan ƙabilu fiye da 150,000 suka tsere don tsoron ramuwa. A watan Maris na 2004 tarzoma ta ci rayuka 19, aka ƙona ko aka lalata majami'u da gidajen sufaye kimanin 30. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, sai dai sau da yawa ba kan mai laifin take sauka ba.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan ƙabilar Roma (ba Romawan da Bulus ya rubuta wa wasiƙa ba), talakawa da ba su da wata ƙasa a bayansu. An zarge su da haɗa kai da Sabiyawa, aka ƙone unguwarsu a birnin Mitrovica. Ɗaruruwansu suka shafe shekaru a sansanonin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kusa da masana'antar narka dalma, gubar dalma ta shiga jinin yaransu, irin wadda ta kashe yara a Zamfara a 2010. A 2016 wani kwamitin Majalisar ya tabbatar an tauye musu haƙƙi.

A takarda, Kosovo ta yi tanadi mai kyau. Cikin kujeru 120 na majalisar dokoki, an keɓe 20 ga marasa rinjaye: 10 na Sabiyawa, 10 na sauran ƙabilu. Albaniyanci da Sabiyanci duka harsunan hukuma ne. Taurari shida na tutar ƙasar suna wakiltar al'ummominta, taken ƙasar kuma kiɗa ne kawai babu kalmomi, don kada a fifita harshen kowa. Amma rubuta doka daban, cika ta daban. Gidan sufaye na Decani, wanda aka gina tun ƙarni na 14, har yanzu sojojin NATO ne ke gadinsa. A 2016 Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar masa da filinsa mai kadada 24, amma sai a 2024 aka aiwatar da hukuncin. Ƙungiyar ƙananan hukumomin Sabiyawa da aka amince a kafa a yarjejeniyar Brussels ta 2013 ta zama abin ja-in-ja na shekaru.

Laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. A Afrilun 2023 Sabiyawan arewa suka ƙaurace wa zaɓen ƙananan hukumomi huɗu, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari na masu zaɓe suka fito, Albaniyawa suka hau kujerun. Gwamnatin Albin Kurti ta shigar da su ofis da rakiyar 'yan sanda, aka yi arangama, sojojin NATO da dama suka ji rauni. A Satumba 'yan bindigar Sabiyawa suka kashe ɗan sandan Kosovo a ƙauyen Banjska. 'Yan siyasar kowane gefe suna cin ribar tsoro, manomi da ɗan makaranta ne ke biyan kuɗin.

Duk da haka akwai abin godiya. A lokacin yaƙi, sufayen Decani sun buɗe ƙofarsu suka ɓoye Albaniyawa masu gudun mutuwa. A Mitrovica, inda kogin Ibar ya raba gari biyu, wata makarantar kiɗa da aka kafa a 2008 tana haɗa matasan ɓangarorin biyu su yi waƙa tare. A Prizren, inda masallaci da majami'un Otodoks da Katolika ke maƙwabtaka, ana bikin finafinai na Dokufest tun 2002. A 2016 Majlinda Kelmendi ta kawo wa ƙasar zinarenta na farko a gasar Olamfik. Waƙa da wasa ba za su maye gurbin adalci ba, amma suna koya wa yara ganin fuskar mutum kafin ƙabilarsa.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan jarabawar. A Fitowa 23:9 Ubangiji ya hana Isra'ilawa matsa wa baƙo, dalilin da ya ba su kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Wato wahalar da muka sha ba lasisin ramuwa ba ce, bashin jinƙai ne a wuyanmu. A Matiyu 18 kuma Yesu ya ba da misalin bawan da aka yafe wa babban bashi, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda ƙarami.

Da yawa cikinmu mun san zaman marasa rinjaye: neman filin gina majami'a shekara da shekaru, ko yaro ya rasa gurbi saboda sunansa. Amma akwai garuruwan da mu ne masu rinjaye, namu ne hakimi da shugaban ƙaramar hukuma. A can, yaya maƙwabcin da ba namu ba yake kwana? Muna ba shi abin da muke kuka an hana mu a wani wuri?

Mu yi addu'a domin shugabannin Kosovo da na Sabiya, domin masu bi da ke can, da yaran Roma. Mu kuma roƙi Ubangiji ya tsare mu daga zama abin da muke kuka da shi. Amin.