LAFIYA UWAR JIKI: Ƙululun Wuyan Hannu Ba Na Aska Ba Ne

Akwai wani ƙululu da kan fito wa mutum a bayan wuyan hannu, wani lokaci kamar ƙwayar gujiya, wani lokaci ya kai girman goro. Yau a gan shi ya tasa, bayan mako biyu ya lafa, sa'an nan ya sāke dawowa. Sau da yawa ba ya ciwo, amma yakan hana mai shi sakewa, musamman idan maƙwabta suka fara cewa ƙari ne, ko jifa, ko ciwon daji. Daga nan sai a nufi wurin wanzami. To, a nan ne hatsarin yake, domin ƙululun kansa bai kai askar da za a sa masa illa ba.

Likitoci suna kiran wannan ƙululu gangiliyon, kalmar da suka aro daga Girkanci. Shi ne kumburin da aka fi samu a hannun ɗan Adam. Cikin kowane 10, wajen 6 ko 7 a bayan wuyan hannu suke fitowa. Sauran kuwa a cikin wuyan hannun, ko gindin yatsa, ko idon sawu, ko bisa ƙafa. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata kuma sun fi maza samunsa har kusan ninki uku.

Yadda yake samuwa shi ne, kowace gaɓa Allah ya yi mata wani ruwa mai yauƙi wanda ke hana ƙasusuwa gogar juna, kamar yadda baƙin mai ke yi wa inji. Haka kuma jijiyoyin da ke motsa yatsu suna gudana ne cikin kube mai irin wannan ruwa. Idan rigar gaɓar ko kuben ya yi rauni a wani wuri, sai ruwan ya tsiyaya ta wata siririyar kafa, ya taru ƙarƙashin fata, ya yi kauri kamar miyar kuɓewa. Kafar nan tana barin ruwa ya fita, amma da ƙyar take barinsa ya koma. Shi ya sa ƙululun kan ƙara girma idan an sha aikin hannu, kamar daka ko wanki ko ɗinki, ya ragu idan an huta.

Wannan ƙululu ba ciwon daji ba ne, ba ya rikiɗa ya zama shi, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Kusan rabinsu sukan ɓace da kansu ba tare da magani ba. Likita yakan gane shi da taɓawa, ya kuma haska masa tocila a wuri mai duhu. Idan ruwa ne a ciki, haske yakan ratsa shi. Idan tsoka ce, ba ya ratsawa. In da shakka sai a yi hoton da ake ɗauka da na'ura mai amfani da amon sauti.

A Ingila ta dā, maganinsa shi ne a ɗora hannun bisa tebur a maka masa littafi mafi nauyi a gidan, wanda galibi Baibul ne. Jakar takan fashe, amma sau da yawa ta sāke cika, wani ma ya tashi da karaya. Likitoci sun daɗe da hana wannan. Abin da ya fi shi muni shi ne tsaga da sakiya da kafa ƙaho. Tun da jakar a haɗe take da gaɓa, askar da ba a dafa ba takan buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya har cikin gaɓar, ta yi mugunya, hannu ya sanƙare har abada. Bugu da ƙari, wanda ya fito ta cikin wuyan hannu, gefen babban yatsa, yana maƙwabtaka da babbar jijiyar jinin nan da ake taɓawa a ji bugun zuciya. Kuskure kaɗan, jini ya ɓalle. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

A asibiti hanya uku ce. Ta farko, a ƙyale shi a sa masa ido, in ba ya ciwo. A kan ɗaura wa hannun abin tallafi don ya huta. Ta biyu, a zuƙe ruwan da allura mai tsabta, sai dai fiye da rabin waɗanda aka yi wa haka yakan dawo musu, domin kafar tana nan. Ta uku ita ce fiɗa, a cire jakar da saiwarta. Wannan ta fi inganci, ko da yake cikin 10 a kan sami 1 ko 2 da yakan koma wa. A kan yi fiɗa ne idan ƙululun yana ciwo, ko ya danne jijiya har yatsu suna mutuwa, ko yana hana aiki.

Yana da 'yan uwa. Akwai na bayan gwiwa, wanda wani likitan fiɗa na Landan, William Morrant Baker, ya yi bayaninsa a 1877, har ake kiransa da sunansa. Ga manya, yawanci alama ce ta amosanin gaɓa ko yagewar guringuntsi, saboda haka gwiwar ake yi wa magani. Idan ya fashe, sha-raɓa takan kumbura ta yi zafi kamar ta wanda jini ya daskare masa a jijiya, don haka dole a hanzarta zuwa asibiti a rarrabe. Akwai kuma ɗan ƙarami da kan fito wa dattawa kusa da farce, har ya yi wa farcen kwari.

Sai dai ba kowane kumburi ne wannan ba. Wanda ya yi tauri kamar dutse, ko yake girma da sauri, ko yake hana barci don ciwo, ko ya zo da zazzaɓi da rama, ba na jira ba ne. Tarin fuka ma yakan kama kuben jijiyoyin hannu ya kumbura su. Babban asibiti mafi kusa ya isa a fara da shi, in ya gagara a tura mutum asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano, ko na Igbobi a Ikko, ko na Inugu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba amosanin gaɓɓai.