Ƙarfen Da Ake Bari A Gindin Kwali

Kantar nan mai ramuka murabba'i, wadda ake sayowa a kwance cikin kwali mutum ya harhaɗa abarsa da hannu, ta zama ruwan dare a gidajen Turai da Amurka. Wadda ta fi suna ita ce Kallax ta kamfanin IKEA na Suwidin, da ta maye gurbin Expedit a 2014. Faɗin kowane raminta santimita 33 ne, daidai zaman babban faifan garmaho, shi ya sa masu tara faifai da littattafai suka rungume ta. Da yake takarda da faifai ba su da sauƙin nauyi, da yawa kan nemo ƙarafa su ƙara mata ƙwari. Ina ganin dabarar daidai ce, amma akasari ba daga inda ya kamata ake fara ta ba.

Wanda ya taɓa yanka jikin kantar ya san allunan wajen nan masu kauri ba katako ne zalla ba. Siririn allo ne sama da ƙasa, tsakiyar kuwa kwali ne mai ƙirar saƙar zuma, sai gefuna da aka cike da allon garin katako don sukurori su sami wurin kamawa. Allunan ciki 'yan sandunan icce ne ke riƙe da su, bayanta kuma a buɗe yake. Kamfanin ya ƙayyade kilo 13 ga kowane rami. Idan aka zarce, allo ya lanƙwashe ko sandunan su tsaga gurbinsu. Idan kuma aka ja ta da kaya a ciki, sai ta karkace gefe guda, tunda babu abin da ke riƙe kusurwoyinta. Maganin ba shi da tsada: ƙarfe mai kusurwa a lungu huɗu na baya, da falanki siriri ko ƙarafa biyu da aka gitta a bayan. A ɗaura sukuru kusa da gefe inda allon yake a cike, a fara huda ƙaramin rami, kada kuma a matse fiye da kima, domin garin katako idan ya marmashe ba ya sake kamawa. Dogayen allunan ciki su kwanta a kan gajerun, yadda nauyi zai sauka kan allo maimakon ya rataya a jikin sandunan.

Duk wannan aiki dukiya yake karewa. Kantar da aka ɗaure kusurwoyinta ba za ta karkace ba, amma za ta iya kifewa, kuma gaba ɗayanta za ta taho. Har ma mai ita, da ya ga ta yi ƙwari, sai ya ƙara mata kaya, wani lokaci har da talabijin a kai. Yaro ɗan shekara biyu da ya hango abin wasa a sama zai sa ƙafa a ramin ƙasa ya kama na bisa, nauyinsa duka ya koma gaba. Abin da zai hana ta faɗo masa shi ne ɗan ƙarfen da ke ɗaure ta da bango, wanda kamfanin kan saka a cikin kwalin, wanda kuma sau da yawa a can yake ƙarewa. Mutumin da ya ɓata yammacinsa yana ceton littattafai daga lanƙwasar allo, ya kasa ba da minti goma don wannan, ya fifita kaya a kan rai ko da bai nufa ba.

Amurka ta ga ƙarshen wannan sakaci. A Yulin 2015, bayan mutuwar yara biyu ƙarƙashin durowoyinta masu suna Malm, IKEA ta sanar da raba kayan ɗauri kyauta. Ba a jima ba wani yaron ya rasu a farkon 2016, kuma a watan Yunin shekarar aka yi kiranyen durowoyi kimanin miliyan 29 daga hannun jama'a. Kamfanin ya biya iyalai uku dala miliyan 50 a ƙarshen 2016, ya sake biyan wani iyali miliyan 46 a 2020. A Disamban 2022 aka sa hannu kan dokar STURDY, wadda ta tilasta gwajin tsayuwar kayan ajiyar tufafi kafin a sayar. Gaskiya ne durowa ta fi saurin kifewa, saboda janyo aljihunanta yana kawo nauyi gaba. Sai dai dokar ta tsaya ne kan ma'ajiyar tufafi, don haka tsaron kanta mai ramuka har yanzu yana hannun wanda ya harhaɗa ta.

Wani zai ce ai wannan tarihin ya nuna laifin kamfani ne, me ya sa za a ɗora wa mai saye? Na yarda da rabin maganar. Abin da ya faru tsakanin 2015 da 2016 ya tabbatar da cewa gargaɗi a takarda ba ya isa, kuma dole a matsa wa masu ƙera kaya su yi abin da zai tsaya da ƙafarsa. Amma diyya bayan jana'iza take zuwa, kantar kuwa yau tana tsaye a falo. Wani kuma zai ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mai son ƙarko ya sayi katakon gaske. Wannan magana ce ta mai hali. Ɗalibai da sababbin ma'aurata ba don wauta suke sayen mai araha ba, sannan katakon gaske ma yana kifewa, kuma ya fi nauyi.

Uzurin da ya fi ƙarfi na ɗan haya ne, wanda mai gida ya hana shi huda bango. Ramuka biyu da za a toshe da ɗan siminti ranar tashi ba abin da za a hana mutum ba ne, kuma mai gidan da ya ƙi ya ɗauki alhakin da bai san girmansa ba. Idan ya kafe, a kwantar da doguwar kantar ta zama gajera, a sa masu nauyi a ramukan ƙasa, a kwashe duk abin da zai ja idon yaro daga sama.

Irin waɗannan alluna sun shigo ɗakunan amarenmu, wasu daga Turkiyya da Sin, wasu kafintocin gida ke yankawa, kuma yara ba su da nisa da zuwa bayan jere. Bangon bulo yana kama sukuru da kyau in an sa masa robar da ke buɗewa a cikin rami, amma bulon da aka tauye wa siminti kan marmashe, sai an gwada da hannu bayan ɗauri. Ya kamata 'yan jere su sa ɗaure sif da kanta a bango cikin cinikin tun farko, kada kuma a cika wa kafinta kuɗinsa sai an jijjiga an ga ba ta motsi.