Gardamar Da Aka Yi A Kan Kujerar Rosa

Wannan mako zan ɗauke ku daga zancen girki da reno, mu leƙa wata gardama da aka yi a ƙasar Ingila a kan wani wasan telebijin. Kada wata ta ce ina ruwan mutuniyar Kura ko Bunkure da wasan Turawa. Ku dai yi mini haƙuri, akwai rabonmu a ciki.

Sunan wasan Doctor Who. Gidan telebijin na BBC ne ya fara nuna shi ran 23 ga watan Nuwamba, 1963. Labari ne na ƙage irin na kimiyya, watau wani ne da ba ɗan duniyarmu ba, ana ce masa Dakta, yana da wani akwati wanda in ya shiga shi da abokan tafiyarsa sai ya kai su ko wane zamani, ko shekara dubu baya ko shekara dubu gaba. Tatsuniya ce dai, sai dai maimakon Gizo da Ƙoƙi an sa injuna da dodanni. Tun farko an tsara shi ne don yara su ƙaru, shi ya sa biyu daga cikin abokan tafiyar farko malaman makaranta ne, namiji mai koyar da kimiyya da mace mai koyar da tarihi. Wadda ta fara riƙe shirin kuwa mace ce, Verity Lambert, a lokacin ba ta kai shekara talatin ba.

Wasan ya zo har ƙasar nan, don BBC ta sayar wa gidajen telebijin na Nijeriya. Daga baya ita BBC ta goge tsofaffin faya-fayanta da yawa, masoya wasan suka yi ta nema ƙasa-ƙasa, sai a 2013 aka ba da sanarwar wani Bature mai suna Philip Morris ya tarar da kashi tara da suka ɓace a wani gidan telebijin a Jos. Abin da mai shi ya zubar mu muka ajiye masa, ko da yake ba da niyya ba.

To, kashin da ya jawo gardamar da nake magana an nuna shi ran 21 ga watan Oktoba, 2018, sunansa Rosa. A lokacin mace ce take fitowa a matsayin Dakta, ana kiranta Jodie Whittaker. Akwatin ya sauke ta da abokanta uku a garin Montgomery na jihar Alabama ta Amurka, cikin shekarar 1955. A wancan zamani dokar garin ta raba mutane a motar safa: gaba na farar fata, baya na baƙar fata, na tsakiya kuwa baƙi yana iya zama, amma da zarar gaba ya cika sai a tashe shi. Ran 1 ga watan Disamba, 1955, direba James Blake ya ce wa mutum huɗu su tashi. Uku suka tashi. Ta huɗun, wata tela mai shekara 42, Rosa Parks, ta ƙi. 'Yan sanda suka kama ta, kotu ta ci ta tarar dala 10 da kuɗin shari'a dala 4. Wannan duk ya faru, ba ƙage ba ne.

Ƙagen da aka ƙara shi ne, wai wani mugu mai ƙin baƙar fata ya taso daga zamanin da ke gaba don ya ɓata wannan rana. Ba shi da ikon kashe kowa, saboda haka sai ya bi ta ƙananan abubuwa: ya sa a canja direba, ya lalata motar, ya manna takardu cewa yau babu mota, don dai kada ta cika, balle a ce wa Rosa ta tashi. Dakta da mutanenta suka yi ta gyara abin da ya ɓata. Daga ƙarshe sai suka ga fasinja ba su isa ba, in suka sauka kujeru za su samu, abin ba zai faru ba. Dole suka tsaya cikin motar, suna ji suna gani aka ci mutuncin matar aka tafi da ita, ba wanda ya ɗaga yatsa.

Masu kallo suka rabu. Wasu suka ce sun yi kuka, kuma 'ya'yansu sun kwana suna tambaya. Abin da ya fi taɓa waɗannan shi ne halin da abokan tafiyar suka shiga. Akwai Ryan, saurayi baƙar fata, wanda Tosin Cole, ɗan asalin Nijeriya, ya fito a madadinsa. Daga saukarsu ya tsinci safar hannun wata Baturiya ya miƙa mata, mijinta ya kwashe shi da mari. Akwai Yasmin, Musulma 'yar sanda mai asali da Pakistan, wadda ta gaya wa Ryan irin baƙar maganar da ake jifanta da ita in ta fito daga masallaci a Ingila ta yau. Akwai kuma dattijo Graham, tsohon direban safa, Bature ne amma marigayiyar matarsa baƙar fata ce. Shi ne ya fi kowa ƙin zama cikin motar nan.

Wasu kuwa suka fusata, suka ce mun zo kallon dodanni an zaunar da mu a aji, wasa ya koma wa'azi da siyasa. Waɗannan ba ni da doguwar magana da su. Wasan da aka fara da malamar tarihi a ciki, ta yaya za a ce tarihi baƙo ne a gidan? Tun a 1964 an yi kashin da malamar nan ta je zamanin mutanen Aztek na Mekziko, ta yi ƙoƙarin hana su yanka mutane don tsafi, ta kasa. Ba a ce wa'azi ba ne sai da aka zo kan laifin da jikokin masu shi suke zaune gaban akwatin. Ko ni a aji na san wannan hali: darasin yaƙin wasu kowa yana so, darasin abin da ya faru a gidanmu sai a fara duban agogo.

Kashi na uku su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Su ba su ƙi labarin ba, tsoronsu tun kafin a nuna shi shi ne kada a mai da Baturiya mai akwatin tsafi ita ce ta ba Rosa ƙarfin hali. A nan kam marubutan sun kiyaye. Ɗaya daga cikinsu, Malorie Blackman, ita ce baƙar fata ta farko da ta rubuta wa wannan wasa labari a telebijin, bayan shekara 55 ana yin sa. Ba su bar Dakta ta gaya wa Rosa ko kalma ɗaya a kan abin da za ta yi ba. Jarumar wasa, wadda kullum ita ke ceton duniya, an zaunar da ita ta yi shiru. Ni a ganina wannan shi ne abu mafi kyau a cikin kashin duka, kuma ba ƙaramin abu ba ne mai wasa ya yarda ya ɗaure hannun tauraronsa.

Amma mutanen nan sun kawo wani ƙorafi wanda na ga yana da tushe. Suka ce in har lalata mota ɗaya zai iya rushe gwagwarmayar mutane dubbai, to an mai da tarihi ya zama sa'a ke nan, kamar ƙwai a bakin tire. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Rosa ta zama sakatariyar ƙungiyar NAACP ta garin, mai kare haƙƙin baƙar fata, tun 1943. Ita da kanta ta ƙaryata masu cewa gajiyar aiki ce ta hana ta tashi. Wasan ya ɗan nuna wannan, don an ga Martin Luther King da lauya Fred Gray a gidanta. Sai dai duk maza ne aka nuna, matan da suka ɗauki nauyin abin ba a ga fuskarsu ba.

'Yan makaranta, ku riƙe wannan suna: Claudette Colvin. Shekararta 15, tana dawowa daga makaranta ran 2 ga watan Maris, 1955, wata tara kafin Rosa, aka ce ta tashi ta ƙi, aka fitar da ita da ƙarfi. Manya suka ga yarinya ce ƙarama, 'yar talakawa, ba su gina yaƙinsu a kanta ba. Amma da aka je kotun tarayya, tana cikin mata huɗu da aka yi shari'ar da sunansu, tare da Aurelia Browder da Susie McDonald da Mary Louise Smith, kuma wannan shari'a ce ta kashe dokar a 1956, ba ta Rosa ba.

Malamai 'yan'uwana, ga tamu: Jo Ann Robinson, malamar kwaleji, shugabar wata ƙungiyar mata. Tun watan Mayu na 1954 ta rubuta wa magajin gari tana gargaɗinsa cewa mutane na iya ƙaurace wa motocin. Daren da aka kama Rosa ba ta runtsa ba, ta kwana a kan injin gurza takardu ita da ɗalibanta biyu, gari ya waye takardu dubbai suna yawo gida-gida. Duk wadda ta taɓa gurza takardun jarrabawa da hannu ta san abin da kafaɗa take ji.

Matan aure kuma ga Georgia Gilmore, mai dafa abinci. An kore ta daga aiki saboda ta ba da shaida a kotu, sai ta koma dafawa a gida. Ta haɗa mata suna soya kaji suna gasa burodi mai zaƙi suna sayarwa, kuɗin kuwa a kai wa masu shirya motocin da ke kai mutane wurin aiki. Ba ta da bambanci da mai ƙosai ko mai fura a unguwarku. Da irin wannan kuɗi, da ƙafafun mata masu aikatau a gidajen Turawa, aka yi kwana 381 ba a hau motocin ba, daga 5 ga Disamba, 1955 zuwa 20 ga Disamba, 1956. Da direban nan ya yi fashin aiki ran nan, da wata rana wata mace ta ƙi tashi, don an riga an jiƙa gero, daka kawai ake jira.

Na san wasan minti hamsin ba zai ɗauki kowa ba. Amma wanda aka zaɓa da wanda aka bari shi ne abin dubawa, kuma mu ma mun ɗanɗana. A 2021 aka fito da fim ɗin Sarauniya Amina ta Zazzau wanda Izu Ojukwu ya shirya, mutanenmu suka yi ta ƙorafi a kan sutura da harshe da al'adun da aka ce namu ne alhali ba mu san su ba. Suna da gaskiyarsu. Sai dai ita Amina ko ba komai sarauniya ce, ba za a rasa mai sake yin fim ɗinta ba.

Yanzu a ce akwatin Dakta ya sauka a Kadawa, wa zai nema? In ana ba da tarihin noman raninmu, abin da ake faɗi shi ne Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, aka samu alkama da shinkafa da tumatir. Gaskiya ne, kuma ba mai raina wannan aiki. To amma wa ya yi tsinkar tumatir ɗin? Wa ke turara shinkafar da ake alfahari da ita a kasuwar Kura? Wa ya dafa abincin da yara suka kai wa 'yan ƙwadago a bakin gona?

Akwai ma abin da ya fi wannan. A 1978 wata mujallar masana da ake bugawa a Ingila ta fito da rubutun wata Baturiya mai bincike, Sam Jackson, a kan yajin aikin da matan Hausa 'yan ƙwadago suka yi a gonar wani kamfanin waje cikin wannan shiri namu na noman rani, suna neman a ƙara musu kuɗin aiki. Matan karkara ne, irin waɗanda ake cewa ba su san komai ba sai daka da surfe, suka haɗa kai suka ajiye aiki. Wannan labari yana kwance da Turanci a ɗakunan karatu na jami'o'i, alhali jikokin matan suna zaune a gabana a aji suna haddace sunayen gwamnoni. Mun ajiye wa Ingila tatsuniyarta a Jos shekara da shekaru, labarin iyayenmu kuwa sai da baƙuwa ta zo ta rubuta.

Wadda take da shekara ashirin a 1978 yanzu ta doshi saba'in. Saboda haka ƙannena, hutun nan kowacce ta sami littafin rubutu ɗaya ta je wurin kakarta, ko wata tsohuwa a gidansu wadda ta yi aikin gona a farkon zuwan ruwa. Ki gaishe ta, ki zauna ƙasa, ki tambaye ta: nawa ake biya a lokacin, da awo ne ko da yini? Ina gonar gidansu take kafin a sake rabon filaye? Ta ji labarin ajiye aikin nan, wa ya fara, maza kuma me suka ce? Ki rubuta sunan ƙauyen da ranar da kuka yi hirar. Ku kuma iyaye mata, ku ɗaga wa yarinya tallar yini ɗaya don ta yi wannan. Wadda ta samo labari ta aiko wa wannan fili da Hausa, yadda tsohuwar ta faɗe shi, kada a gyara mata baki.