Wa ya koya wa direban tirela tuƙi, wa ya gwada shi?

Duk lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, magana kan tsaya ne a kan abu biyu: lalacewar hanya da mutanen da suka ruga kwasar fetur. Haka aka yi bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa ranar 15 ga Oktoba, 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu. Haka kuma aka yi bayan gobarar mahaɗar Dikko a jihar Neja ranar 18 ga Janairu, 2025, wadda ta ci rayuka sama da 80. Gwamnati ta mayar da martani da hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris, 2025.

Matakin ba laifi, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Mutumin da ke riƙe da sitiyarin waɗannan motoci, a ina ya koyi aikin, kuma wa ya zauna kusa da shi ya tabbatar ya iya kafin a ba shi lasisi?

A takarda, Najeriya ba ta rasa doka ba. Lasisin tuƙi aji-aji ne, kuma ajin G shi ne na motoci masu kai da bodi, wato tirela da tanka. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mai neman lasisin motar kansa ya kai shekara 18, mai neman na motar haya kuwa ya kai 26, ya kuma kawo shaidar lafiya daga asibiti. Sabon direba sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, sannan jami'an VIO na jiha su gwada shi. An ma ƙayyade wa tirela da tanka gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba a kan tagwayen hanyoyi.

Sai dai a leƙa makarantun tuƙin da ke Kano ko Kaduna ko Gusau a ga abin da suke koyarwa da shi. Galibinsu ƙananan motoci ne, ɗaya ko biyu, da jan harafin L a gaba da baya. Makarantar da ke da kan tirela da bodinta da filin da za a koyi yin baya da ita, sai an tona. Ofishin gwaji ma haka. Saboda haka takardar da ke aljihun direbobi da yawa ba ta shaida cewa wani ya taɓa ganin su suna sarrafa babbar mota ba. Ga kuma abin da kowa ya sani na 'yan kamasho da ke kawo wa mutum lasisi har gida bai taka filin gwaji ba.

Ainihin makarantar direban babbar mota a ƙasar nan ita ce zaman karen mota. Yaro zai shiga hannun ubangidansa yana ɗan shekara goma sha. Zai fara da wanke mota, da ɗaure tamfol, da sa waigi in an tsaya a hawa, da kwana a ƙarƙashin mota yana gadi a Tafa ko Mararrabar Jos. A hankali a bar shi ya ɗumama inji, ya matsa da motar gaba a layin lodi, har ranar da maigida zai gaji da tsakar dare ya ce masa ya karɓa. Bayan shekaru, in an ga hannunsa ya faɗa, a yi masa hanya wurin wani mai mota.

Bai kamata a raina wannan tsari ba. Ya fitar da direbobin da suka yi shekara 30 suna zirga-zirga tsakanin Legas da Maiduguri ba su taɓa kashe ko akuya ba. Karen mota ya san kukan inji, ya san ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya, yana iya kwance taya a dokar daji ba tare da bakanike ba. Babu ajin da zai ba mutum wannan cikin wata uku. Matsalar ita ce abin da maigida ya sani kaɗai yaro zai gada, har da munanan ɗabi'unsa. In ubangidan mai sakin mota a firi ne a gangara don ya rage dizal ya sayar, yaron zai ɗauka haka ake yi. In da ƙwaya yake korar barci, shi ma da ita zai kora.

Kuma akwai ilimin da ba a tsintar sa da kallo. Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan ninka kusan huɗu. Birkin babbar mota da iska yake aiki. In direba ya yi ta tattaka shi babu lissafi, iskar na raguwa, in kuma ya danne shi tun daga saman doguwar gangara, sai ya yi zafi ya daina kamawa. Abin da ake kira "birki ya tsinke" sau da yawa ke nan, kuma maganinsa shiga ƙaramar giya tun kafin a fara sauka. Tanka kuwa tana da nata halin. Man da ke cikinta yana tangaɗi, musamman in ba ta cika ba, ya tura motar gaba bayan an taka birki, ya rinjaye ta gefe a kan kwana. Direban da ya ƙware a ɗaukar hatsi ba lallai ne ya san wannan ba ranar da aka fara ba shi tanka.

Dokar shekara 26 ma tana da giɓi. Manufarta mai kyau ce, a samu wanda hankalinsa ya zauna. To amma yaron da ya fara bin mota yana ɗan 16, a ina doka ta ajiye shi tsawon shekara goma? Babu wata takardar ɗalibta da ta san da zamansa, babu matakin da zai taka ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon shi ne yana tuƙin a ɓoye, yawanci da dare, lokacin da ido ya fi gajiya kuma jami'ai suka fi ƙaranci a hanya. Wasu kuma su ƙara wa kansu shekaru a takardar rantsuwa a wuce wurin.

Amurka ta fuskanci irin wannan tambaya, ta kuma fara aiki da wata doka ranar 7 ga Fabrairu, 2022. Duk wanda zai nemi lasisin babbar mota karon farko sai ya yi horo a wurin da ke cikin rajistar gwamnatin tarayya, ya ci aƙalla kashi 80 cikin 100 a darasin aji, ya yi tuƙi a fili da kan titi tare da malami. Abin lura shi ne dokar ba ta ƙayyade yawan awannin tuƙi ba. Malami ne zai shaida cewa ɗalibi ya iya, ya shigar da sunansa a kwamfuta, kuma jiha ba za ta yi masa jarrabawa ba sai ta ga sunan. Mai son jan tanka ko kaya masu haɗari kuma sai ya ƙara wata jarrabawar. A Turai, direban babbar mota na komawa aji na awa 35 duk bayan shekara biyar, kuma akwai na'ura a motarsa da ke rubuta awannin da ya yi yana tuƙi.

Ba sai an kwafo waɗannan baki ɗaya ba. Abin da ya dace da nan shi ne a shigar da zaman karen mota cikin doka. A yi wa yaron rajista a ƙarƙashin direban da aka tantance, a ba shi littafin da za a riƙa rubuta tafiye-tafiyensa, a ba shi izinin tuƙi da rana maigidansa na gefe. Bayan wa'adi ya je cibiya ya yi 'yan makonni a kan birki, da lodi, da kashe gobara, da alamomin hanya, sannan a gwada shi da tirela ta gaske: ya haɗa kai da bodi, ya yi baya, ya sauka gangara da kaya. Jarrabawar kuma a yi ta da Hausa ko Yarbanci ko Ibo, da baki in ta kama. Rashin Turanci ba rashin iya tuƙi ba ne, kuma tilasta shi na cikin abin da ke tura mutane hannun 'yan kamasho.

Wurin farawa ma akwai. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya tana Zariya tun 1986. Kamfanin simintin Dangote ya buɗe makarantar direbobin tirela a Obajana ta jihar Kogi. Ƙungiyar masu motocin dakon kaya ta NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG sun san membobinsu fiye da yadda kowace hukuma ta san su. Abin da ya rage shi ne kowace shiyya ta samu fili da motocin gwaji, kuma kuɗin ya fito daga masu cin ribar dakon, ba daga aljihun yaron da ko albashi ba shi da shi ba.

Masu motoci za su ce dizal ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, hanyoyi sun mutu, yanzu kuma a ƙara musu wani nauyi. Kukansu na hanya gaskiya ne. Ko gwanin gwanaye ne ramin da ya isa ya kayar da tanka zai kayar da ita. Amma mai motar da ya zuba miliyoyin naira a kan tirela, ya miƙa makullinta ga wanda bai bincika ba saboda ya fi araha, da dukiyarsa yake caca kafin ta kowa. Ya kamata hukunci ya riƙa hawa kansa idan aka kama motarsa a hannun marar lasisin ajin G, ba direban kaɗai ba.

Wurin da ya fi sauƙin kama bakin zaren shi ne ƙofar lodi. Tireloli da tankoki a warwatse suke a hanya, amma dukkansu sai sun shiga daffo ko masana'anta ko tashar jiragen ruwa sun ɗauki kaya. FRSC na da shirin duba tankoki a daffo-daffo kafin a yi musu lodi. A faɗaɗa shi ya haɗa da siminti da taki da kwantena, a duba lasisin a kwamfuta, a kuma tabbatar fuskar da ke jikin katin ita ce ke zaune a kujerar direba.