Zungeru: Kango Ne Ko Tarihinmu?

Tambayi ɗalibai goma a harabar nan ina ne hedikwatar Arewa kafin Kaduna, ka ga yadda za a yi ta sosa ƙeya. Wasu su ce Lakwaja, wasu su ce Jebba. Duk an zauna can, amma a 1902 Lugga ya kwashe kayansa ya koma Zungeru, a bakin kogin Kaduna. Daga nan aka juya akalar yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903.

Kafin zuwan Turawa ƙaramin ƙauye ne. Cikin ƴan shekaru sai ga bariki, ga ofisoshi, ga gidan ƴantattun bayi, ga ƙaramin layin dogo zuwa Barijuko, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Sojoji Hausawa da Yarabawa, leburori, fatake da akawuna daga Kudu suka cika garin. Ɗaya daga cikin akawunan nan shi ne mahaifin Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904, ya kuma tashi da Hausa a bakinsa.

Da aka mayar da hedikwata Kaduna a 1917, sai garin ya koma kamar kasuwar da ta watse. Hatta gadar Lugga cire ta aka yi a 1954 aka kai Kaduna. Yau ciyawa ce ke cinye sauran gine-ginen.

Wasu abokaina na cewa, "To ina ruwanmu? Kayan ƴan mulkin mallaka ne, su rushe mana!" Na fahimci haushinsu, amma ban yarda ba. Wa ya ɗauki dutsen? Wa ya kwaɓa ƙasar? Ba Lugga ba ne, kakanninmu ne, wasu ma aikin tilas aka sa su. Idan bangon ya faɗi, shaidar wahalarsu ce ta tafi. Shi Bature ya riga ya rubuta nasa labarin, yana nan a ajiye a Ingila.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta shirya ziyara. Ƴan safiyo su auna filin, ƴan zanen gine-gine su zana abin da ya rage, ƴan jarida su naɗi muryar dattawan garin tun suna raye. Ga firojet na gaske, maimakon kwafe na bara mu canza suna.